Wane Launi Za Ki Sa A Jaka Bana?

 Zancenmu na wannan mako na masu sana'ar jaka ne, watau matan nan da su ke zaune a gidajensu da keken ɗinki ɗaya, wasu ma da basilla da zare kaɗai, suna ɗinka jakar hannu suna sayarwa da kansu, ba su ƙarƙashin wani kamfani. Sun yi yawa yanzu a Kano da Zariya da Sakkwato da Jos. Wadda ba ta ɗinki kuwa kada ta ce babu ruwanta, gama ita ce mai saye, in ta ji yadda a ke zaɓen launi ta san abin da za ta duba kafin ta miƙa kuɗinta.

Mai babban kamfani in ya zaɓi launin da bai karɓu ba, ya kan karya kuɗin kayan ya wuce, bai ji a jikinsa ba. Ke fa? Jarinki adashi ne kika ɗauka, ko akuya kika sayar, ko maigida ya ranta miki. Atamfar da ta yi kwantai a kan ɗaura ta a gida, a yi wa yara riguna da ita. Fata kuwa in kin yanka kin ɗinke, shi ke nan, ta zama jaka. A ce kin sayi fata 20 masu ruwan hoda domin kin ga hoto ya yi kyau, jaka uku suka fita, sauran suna jibge a ƙarƙashin gado. Ga Sallah ta matso, ga masu saye suna tambayar wani launi dabam, ba ki da abin sarin sabuwar fata. Yawancin matan da su ke barin sana'ar nan ɗinkinsu ba shi da laifi. Kuɗinsu ne ya kwanta cikin launin da ba wanda ya nema.

Bari mu fara da abin da ya ke ruɗin yawancinmu, watau zancen launin shekara da ku ke gani a wayoyinku. Akwai wani kamfani a Amurka, sunansa Pantone, aikinsa ba kowane launi lamba, domin in mai rini a Italiya da mai ɗinki a ƙasar Sin suna maganar ja, su tabbata ja ɗaya su ke nufi. Wannan aiki ne mai amfani ƙwarai. To, tun daga shekarar 2000 kamfanin nan ya kan ɗauki launi guda ya ce shi ne na shekara, ya kan kuwa sanar cikin watan Disamba. Na 2020 shuɗi ne, na 2023 wani ja mai kama da garura, na 2025 ruwan ƙasa irin na garin koko, na 2026 kuwa fari. Fari fa, jama'a! An sanar da shi a watan da in kika yafa farin mayafi daga zaure zuwa bakin titi, sai kin kakkaɓe shi kafin ki shiga mota.

Ban ce sun yi laifi ba. Domin ƙasarsu suka zaɓa. Manyan gidajen ado na Faris da Milan sun raba shekararsu biyu, kayan lokacin zafi da kayan lokacin sanyi, su kan kuma nuna kayan wata shida kafin lokacin sawarsu ya zo. A Milan akwai wata babbar kasuwar baje kolin fata, Lineapelle, tana ci sau biyu a shekara, a nan majeman Turai su ke nuna launin da za a yi yayi nan gaba. A can rana baƙuwa ce, ana marmarinta, saboda haka in ƙanƙara ta narke sai su fito da launi mai haske, in sanyi ya komo su koma masu duhu. Mu kuwa da rana ta ke dukanmu wata tara, ga ƙura, ga ruwan Agusta, ina lissafinmu zai zo ɗaya da nasu? Kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi.

Abin mamaki, fatar da su ke rinawa ɗin, da dama daga nan ta tafi. Masana'antun jima na Sharaɗa da Chalawa a Kano su kan jeme fatun awaki da tumaki a aika Italiya da Sifen, a can a ƙarasa gyara a sa launi. Wannan ciniki ya daɗe. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ayari su ke ƙetare Sahara da ita tun zamanin da, ta bi ta hannun mutanen Maroko ta shiga Turai, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko suna rufe littattafansu masu tsada da ita. Don haka in kin ga jan jaka a hoto kin yi sha'awa, ki sani kakanninki sun riga su sanin jan nan.

To, yanzu ga namu lokutan. Hunturu shi ne ya fi bukatar tunani, gama daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura ce ke mulki, kuma a lokacin ne aka fi yin saye. Kowa ta san fari da ruwan madara ba su jimre ƙura. Abin da da yawa ba su lura da shi ba shi ne baƙi ma haka ya ke. Ƙurar hunturu fari-fari ce, mai laushi kamar gari, in ta sauka a kan baƙar jaka mai sheƙi sai ki ga har shatin yatsa ya fito. Launin da ya ke ɓoye ta shi ne wanda ya yi kusa da ita ko ya haɗiye ta: ruwan ƙasa, ruwan zuma, ruwan makuba, ruwan hanta, da jan nan mai duhu na dukawanmu. Fatar nan da a ke karce ta ta yi laushi kamar karan-miski kuwa, ko wane launi gare ta, ki bar ta sai wani lokaci, gama shan ƙura ta ke yi kamar soso.

Ban da ƙura akwai bushewa. Iskar hunturu yadda ta ke fasa mana leɓe da dunduniya, haka ta ke yi wa fata. A nan ne ya kamata ki san bambancin launi iri biyu. Akwai wanda ya ratsa cikin fata, watau rini, akwai wanda aka shafa a sama kamar fenti. In kina so ki gane, ki yanki ɗan gefen fatar ki dubi bakin yankan. In launin ciki da na waje ɗaya ne, rini ne. In ciki dabam ne, shafe ne. Dalilin da ya sa na kawo wannan, fata ba ta fitowa fara daga majema. Wadda aka jeme da bagaruwa ruwan ƙasa-ƙasa ta ke fitowa, ta masana'anta wadda a ke jemewa da sinadarin kurom kuwa shuɗi-shuɗi, toka-toka. Saboda haka galibin launukan nan masu haske, fari da ruwan hoda da ruwan bula, shafa su a ke yi a sama. Da hunturu ya busar da fatar, wurin lanƙwasar marfi da gindin marataya sai su tsattsage, launin ƙasa ya leƙo, mai saye ta komo miki da jaka tana faɗa. Rinanniya ko ta tsage ba ta tona asiri haka. In za ki shafa wa fata man kaɗanya domin ta yi laushi, ki fara gwadawa a kan guntu, gama mai ya kan ƙara mata duhu, ba ya kuwa komawa.

Bazara ba ta da dogon zance. Rana tana cin launi, musamman ruwan ɗorawar da a ke yi da gangamau, wanda ba ya daɗewa sai ya koɗe. Fatar bagaruwa kuma rana duhu ta ke ƙara mata, saboda haka kada ki baje kaya a rana, gefe ɗaya ya sāke ya bar ɗaya. Ga kuma gumin hannu. In za ki yi jaka mai haske domin zafi, ki sa mata marataya mai duhu.

Damina ita ce mai tona asirin rini. Ki tuna mata da yawa su kan rataya jaka a kafaɗa, ta kwanta a kan mayafi ko hijabi. Ruwa ya ɗan taɓa ta, ja ko shuɗi ya zuba a kan farin leshin da aka saya da tsada domin biki. Wannan matar ba za ta sāke sayen kayanki ba, za ta kuma ba da labari a gidan bikin, a gaban mata hamsin. Maganin abin ba wuya. Kafin ki sayi fata ki tafi da farin ƙyalle da ɗan ruwa a kwalba. Ki jiƙa ƙyallen, ki goga a kan fatar sau goma da ƙarfi, sa'an nan ki duba. In ya ɗauko launi sosai, ki bar ta, kome arharta. Kada ki ji kunyar mai kaya, wanda ya san kayansa na ƙwarai ne da kansa zai miƙo miki ruwan. Shuɗin baba shi ya fi kowane zuba, ko a bushe ma ya kan goge. Ba ku ga yadda turkuɗin Kura ya ke barin shuni a fuskar Buzayen da su ke naɗa shi ba? A wurinsu ado ne, amma a kan farar shadda ɓarna ce. Wadda ta ke son haɗa jakarta da yadin da aka rina a marinar Ƙofar Mata, abin yana kyau ƙwarai, sai dai ta wanke yadin har ruwan ya fito garau, ta kuma sa shi a gaban jaka, bayan da ya ke gugar jiki ya zama fata.

Akwai wani sirrin damina da dukawa suka sani. Baƙin da su ke rina fata da shi, kuloko, da ƙarfe a ke haɗa shi, watau gurɓin maƙera ko tsofaffin ƙarafa a jiƙa su da ɗan abin zaƙi su kwana da kwanaki. Ruwan nan da kansa ba baƙi ƙirin ba ne. Sai ya haɗu da bagaruwar da ke jikin fata ya ke juyewa baƙi nan take. To, ki lura. In kika sa wa jakar bagaruwa mai haske zobe ko maɓalli na baƙin ƙarfe, damina ta zo ya yi tsatsa, kuloko ke nan kika haɗa ba ki sani ba, baƙin tabo zai kewaye maɓallin, ba sabulun da zai fid da shi. Ki nemi na tagulla, ko wanda ba ya tsatsa. Kayan da ba su fita ba kuwa kada ki ƙulle su a leda cikin Agusta, fumfuna za ta kama su, a kan baƙi da shuɗi mai duhu kuma ta fi nunawa.

A garuruwanmu na manoma ciniki ya kan ja baya da damina, kuɗi sun tafi gona da taki. Da kaka su ke komowa, bukukuwa su biyo baya. Saboda haka fatar da za ki sara cikin Satumba ita ce babbar shawarar shekara, kuma da ƙurar Disamba za ki auna ta, ko da ya ke ranar da ki ke sayenta gari kore shar ya ke.

Amma fa duk wannan lissafin rana ne. Muna da wani lissafin na wata, shi ma yana juya kasuwa. Shekarar Musulunci ta gaza ta Turawa da kamar kwana 11, saboda haka Sallah ba ta zama wuri ɗaya, tana ja da baya kowace shekara, sai ta yi wajen shekara 33 ta ke kewayo inda ta taso. A 2016 Ƙaramar Sallah ran 6 ga Yuli aka yi ta, tsakiyar damina. A 2025 ran 30 ga Maris, cikin zafin bazara. In Allah ya kai mu 2030, farkon Fabrairu za ta faɗo, cikin hunturu sosai. Kun gani ke nan, in wadda ta koya miki sana'a ta ce miki launi kaza shi ne na Sallah, ki tambaye ta wace Sallah, gama tata da ruwa aka yi ta, taki kuwa da ƙura za a yi. Masu abokan ciniki Kirista a Jos da Kaduna da Sabon Gari su nasu da sauƙi, Kirsimeti ba ta motsawa daga 25 ga Disamba, kullum cikin hunturu.

To, ina za ki ga launin da za a yi yayi? Ni dai a ganina Kantin Kwari ta fi kowace mujalla. Mace ba ta fara sayen jaka sa'an nan ta nemi zanen da zai dace da ita. Atamfa ko leshi ta ke fara saye, ta kai wa tela tun kafin azumi domin kada a yi mata alkawarin tela, sa'an nan mayafi, daga ƙarshe jaka da takalmi. Watau jaka bin baya ta ke yi, mai bin baya kuwa tana da sa'a, gama ta ga inda na gaba ya taka. Ki shiga kasuwa cikin Rajab ko farkon Sha'aban ki ga abin da a ke ɗiba. Ki fi tsayawa wurin masu mayafi, domin mayafi galibi launi ɗaya ne, kuma da shi a kan daidaita jaka. Launin mayafin da mai shago ya ce miki ya ƙare, ya aika a ƙaro, ki riƙe shi. Sa'an nan ki yi ƙawance da tela biyu ko uku na unguwarku, ki roƙi ƙyallayen da suka rage. In kin baje su a tabarma, kada ki dubi launin da ya fi yawa a jikin atamfa. Ki dubi ɗan ƙaramin nan da aka yi wa fure ko gefe da shi. Mace mai ido shi ta kan ɗauko ta yi mayafi da jaka da shi, domin ya fito. Ki tuna kuma ba a fafe gora ranar tafiya, wadda ta bari sai goman ƙarshe na azumi ta tafi neman fata, ragowar wasu za ta samu.

Game da rabon jari, ga shawarata, kowa kuma ta gyara gwargwadon garinsu. In fata 20 za ki saya, 12 su zama na launin da ba ya mutuwa, watau baƙi da ruwan ƙasa da makuba, waɗanda malamar makaranta da ma'aikaciyar asibiti za su rataya kowace safiya. Biyar su zama na abin da kika gani a kasuwa bana. Ukun da suka rage ki yi gwaji da su yadda ranki ya so, gama sana'ar da babu ɗan abin sha'awa cikinta gajiya ta ke sa wa. Launin gwajin nan kuwa kada ki yi babbar jaka da shi tukuna. Ki sa shi a marfi, ko a shafin ciki, ko ki yi tuntu, ko ɗan alabe. In an yi ta tambayarsa, sa'an nan ki ƙara.

Dukawan Kasuwar Kurmi haka su ke yi tun kaka da kakanni. Ki dubi tsohuwar zabira ko gafaka ko matashin fata. Jikin ja ne, jan karan dafi, wanda a ke samu daga kuben ganyen wata irin dawa da a ke shukawa musamman domin rini, a daka a jiƙa da ruwan toka. Baƙi ya bi gefe. Tsanwa kuwa, wadda da garin tagulla a ke yin ta, aikinta da wuya, kuɗinta da yawa, sai ki ga ɗan siririn layi aka sa, ko 'yan ƙananan idanu. Jakunkunan Buzaye na Agadas ma haka su ke. Ɗan kaɗan ɗin nan shi ke ɗaukar ido daga nesa. Ina jin haushi in na ga yarinya ta raina kayan nan tana cewa na ƙauye ne, alhali haɗin ja da baƙi da tsanwa ya fi shekara ɗari yana fita a kasuwa, launin shekara kuwa wata goma sha biyu ne ransa.

Saura zancen anko da lefe, inda riba ta ke, inda kuma rigima ta ke. In ƙawayen amarya suka ce ki yi musu jaka 30 iri ɗaya, kada ki karɓi sunan launi da baki. Ruwan hanta na wannan dabam da na waccan, ruwan goro kuwa kowa da irin goron da ta ke ci. Hoton waya ma bai isa ba, gama kowace waya da yadda ta ke nuna launi, kuma abin da aka ɗauka ƙarƙashin ƙwan lantarki dabam ya ke da rana. Ki ce a kawo miki ƙyallen ankon a hannu. Ki tafi da shi wurin masu fata, ki fito da fatar bakin ƙofa inda hasken rana ya ke, ki ɗora ƙyallen a kai. Ki karɓi kafin alƙalamin da zai isa sayen fatar duka, ki kuwa saye ta rana ɗaya, daga rini ɗaya, har da rarar guda biyu. Fatar akuya ba ta da faɗi, akwai kuma tabo da hujin da za ki kauce wa, in ta gaza kika koma bayan mako biyu, da wuya ki sami wadda ta yi daidai, ko da a hannun mutum ɗaya. Ranar biki in ƙawaye suka jeru domin hoto, jaka biyar ɗin nan da suka bambanta su kowa zai gani. Kayan lefe kuwa ki tambayi launin takalman da aka riga aka saya, gama tare a ke jera su cikin akwati, dangin amarya kuma ɗaya bayan ɗaya su ke ɗagawa.

Ki sami littafi guda, irin na 'yan makaranta ya isa. Kowace fata kika saya ki yanki guntu kamar faɗin akwatin ashana ki manna, ki rubuta ranar saye da wurin wanda kika saya da kuɗinta, da jaka nawa ta yi, da kwana nawa suka yi kafin su ƙare. Ki rubuta har launin da aka tambaya ba ki da shi. Bayan shekara biyu littafin nan zai gaya miki abin da matan garinku su ke so a kowane wata. Wadda ta ke aika kaya Ikko ta buɗe musu shafi dabam, gama bukukuwansu na Disamba ruwan gwal da ruwan azurfa su ke ci, ba kamar namu ba.

Wadda kuwa ta riga ta sari launin da ya ƙi fita, ta duba ko rini ne ko shafe. In fatar bagaruwa ce rinanniya, mai haske, ba ta yi asara duka ba, gama haske yana komawa duhu, duhu ne ba ya komawa haske. Ta kai wa baduku ya bi ta da kuloko ta zama baƙa, ko ya ƙara mata ja ta koma makuba. In shafe ce, rini ba zai kama ta ba, sai a yayyanka a yi alabe da tuntu da gidan waya, a riƙa ƙara wa mai sayen babbar jaka a kan ɗan kuɗi kaɗan.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu yi zancen yadda a ke yanke wa jaka kuɗi, da abin da ya kamata ki lissafa na wahalar hannunki.